Raba Da'ira a Kan Injin Milin: Yadda Ake Aiki da Na'urar Rabo

Giyar farko da na yanka da hannuna mai haƙori 35 ce, ta tagulla. Wata ta roba ce ta karye a cikin jerin giyoyin ƙaramin injina na juya ƙarfe, na ce bari in yi madadinta da kaina. Tun bayan la'asar nake tsaye gaban injin milin: in yanka rami, in janye wuƙa, in juya aikin, in sake yanka. Aka kira magariba, na tafi, na dawo, na ɗora daga inda nake zaton na tsaya. Da na yanka rami na ƙarshe sai haƙorin da ya rage tsakaninsa da rami na farko ya fito ƙato, ya fi 'yan'uwansa kauri. Na cire giyar na kai ta ƙarƙashin fitila ina juya ta a hankali, sai ga wani haƙori can wajen na ashirin, siriri kamar an tsotse shi. A nan magariba ta same ni. Huji uku kacal na manta ban ƙara ba a faifan rabo. Huji ukun nan digiri ɗaya ne da 'yan kai, wanda a jikin wannan giya ya zo kusan milimita 0.4, wato rubu'in kaurin haƙori. Giyar ta ƙi tafiya da 'yar'uwarta.

Haka aikin rabo yake. Kuskure ba ya nuna kansa a lokacin da aka yi shi, sai ya ɓuya har ka kewayo inda ka fara, bayan ƙarfen da ya kamata ya zauna ya riga ya zama ɓarɓashi. Saboda haka kusan duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta tilasta wa kuskure ya fito fili tun yana da araha.

Injin milin, ga wanda bai saba da shi ba, injin sassaƙar ƙarfe ne: wuƙa ce ke juyawa, aikin kuma yana ɗaure a kan tebur mai tafiya hagu da dama, gaba da baya. Ya iya layi miƙaƙƙe ƙwarai, amma bai san da'ira ba. In kana son kan noti mai fuska shida, ko huji biyar a kewayen faifai, ko haƙoran giya, dole ka sami abin da zai riƙe aikin, ya juya shi daidai gwargwadon da ka ƙayyade, ya tsayar da shi cak, sannan ya maimaita hakan ba ƙari ba ragi. Wannan abin shi nake kira na'urar rabo. Masu ƙera agogo a Turai sun daɗe da irinta don yanka haƙoran ƙafafun agogo. Siffar da muka fi gani a yau kuwa ana jingina ta da kamfanin Brown & Sharpe na garin Providence a Amurka, inda Joseph Brown ya ƙera injin milin mai aiki iri-iri a farkon shekarun 1860 don yanka murɗaɗɗen kwari a jikin bakin diril, aikin da a da magagari ake sa wa. Ƙananan kawunan rabo da ake ƙerawa yanzu a Sin da Taiwan, masu lamba BS-0 da BS-1, tsarin wancan kamfani suka bi, har lissafin hujojinsu.

Wacce za ka saya

Shawarata ita ce ka sayi mafi sauƙin na'urar da za ta yi maka aikin da ke gabanka, domin kowane ƙarin dabara a jikin na'ura ƙarin ƙofa ce ta kuskure.

Mafi sauƙi shi ne tubalin kolet. Kolet wani ɗan bututun ƙarfe ne mai tsaga, wanda ke matse sanda ta kowane gefe idan aka ja shi cikin mazauninsa. Tubalin kuwa dunƙulen ƙarfe ne da aka goge shi daidai, ɗaya mai fuska huɗu, ɗaya mai fuska shida. Ka matse sandarka a ciki, ka ɗaure tubalin a bayis, ka yanka, ka kwance, ka kifa shi kan fuska ta gaba. Ba lissafi, ba ƙirga. Rabo biyu, uku, huɗu da shida ke nan a hannunka, kuma yawancin aikin mai sha'awa bai wuce nan ba. Abu biyu kawai yake nema: ka kafa wani ɗan ƙarfe a gefen bayis da tubalin zai riƙa dafawa, don ya dawo wuri guda kowane juyi, kuma ka share ƙarƙashinsa da buroshi kafin ka mayar da shi. Ƙwayar ɓarɓashi guda ta isa ta karkatar da fuska.

Na biye da shi majuyi mai fegi, wanda ke ɗaukar kolet irin 5C. Yana da faifai mai huji 36, tsakanin kowane biyu digiri 10, sannan a jikinsa akwai wasu hujoji goma masu lamba daga 0 zuwa 9, kowanne yana ƙara digiri ɗaya. In kana son digiri 72, wato rabo biyar, sai ka kawo 70 kan alama, ka cusa fegi a huji mai lamba 2. Duk rabon da ya faɗo kan cikakken digiri zai ba ka: 5, 8, 9, 10, 12 da makamantansu. Ba zai ba ka 7 ba, ba zai ba ka 16 ba, don 360 ba ta rabuwa da su sai da ɓurɓushi. Ka sani kuma kolet 5C ba ya yarda da sandar da ta kauce wa awonsa sai kaɗan ƙwarai. Irin ER ya fi shi haƙuri, don kowanne yana iya matsewa har kusan milimita ɗaya.

Sai tebur mai juyawa, wanda ya fi dacewa da faifai mai faɗi da ake kwantarwa. Da yawansu sai ka juya hannu sau 90 kafin teburin ya kewaya sau ɗaya, wato digiri 4 kowane juyi. Akwai masu 72 ma, don haka ka ƙirga naka da kanka ranar da ya iso.

Na ƙarshe shi ne kan rabo, kuma a kansa zan daɗe. Kafin nan ga wata hanya ga wanda aljihunsa bai kai ba, don kayan nan duka daga waje ake shigo da su. Tsohuwar giya mai haƙori 60 da ba ta ci ba, in ka ɗaure ta a ƙarshen sandar aikinka, ka ƙera ɗan harshen ƙarfe mai sifirin da zai riƙa faɗawa tsakanin haƙoranta, ta zama na'urar rabo. Sittin tana rabuwa da 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30. Na yi aiki da irin wannan fiye da shekara kafin in mallaki kan rabo, kuma har gobe ina girmama dabarar.

Kafawa

Na'ura mai tsada da aka kafa a karkace ba ta kai mai araha da aka kafa daidai ba. Ka goge tebur da gindin na'urar, ka bi su da tafin hannu, don hannu yana jin tsakin da ido bai gani ba. Ka ɗaure notuna sama-sama tukuna. Ka sa gogaggiyar sanda miƙaƙƙiya a kolet ko cok, wato bakin na'urar mai riƙe aiki, ka kafa agogon awo a jikin injin, bakinsa yana taɓa gefen sandar, ka tafiyar da tebur daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In allura ta motsa, ka ɗan bubbuga gindin na'urar da guduma mai kan roba har ta daina. Ka maimaita a saman sandar, don ka tabbata kan bai ɗaga ba bai sunkuya ba. Sannan ka ƙarasa ɗaure notuna, ka sake aunawa, domin ɗauri kansa yakan ja na'ura gefe.

Awo na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Ka bar agogon a kan aikin, ka juya aikin ya kewaya sau ɗaya. In allura ta yi lilo, aikin ba a tsakiya yake ba, kuma duk daidaiton rabonka, ramukan gefe ɗaya za su fi na ɗayan zurfi. A kan noti ba wanda zai lura da milimita 0.05. A giya kuwa za ka ji shi da kunnenka, tana matsewa tana saki kowane kewaye.

Kada aiki ya leƙo daga kolet fiye da kamar ninki uku na kaurinsa ba tare da ka tokare ƙarshensa ba. Kawunan rabo suna zuwa da matokari mai tsini don haka. Sandar da ta leƙo da yawa takan guje wa wuƙa, ta yi kuka, ta bar fuska mai ƙwarya-ƙwarya.

Fara da kan noti

Ka ce kana son kai mai fuska shida wanda sifana mai lamba 17 za ta kama. Daga kusurwa zuwa kusurwa irin wannan kai ya fi faɗin fuskokinsa da ninki 1.155, wato milimita 19.6, don haka sanda mai kaurin 20 ta wadatar. Abin da za a cire a kowace fuska rabin bambancin 20 da 17 ne, milimita 1.5.

Ka shafa wa sandar maka, ka sauko da wuƙa tana juyawa har ta ɗan karce tawadar, ka mayar da ma'aunin zurfi sifiri. Kada ka tafi 1.5 kai tsaye. Ka yanka 1.3, ka juya rabin da'ira, ka yanka kishiyarta, ka auna tsakaninsu. In ka ga 17.4, saura 0.4, kuma rabinsa za ka ƙara, 0.2, saboda duk abin da ka ƙara a zurfi sau biyu yake fita, nan da can. Da zarar fuskoki biyun sun ba ka 17, ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan don sifana ta shiga ba gardama, ka kulle zurfin kada ka sake taɓa shi, ka bi sauran huɗun. A majuyi mai fegi huji shida-shida za ka riƙa tsallakawa. A kan rabo akwai wani faifai mai huji 24 a bayan cok na irin wannan rabo na kai tsaye: ka raba zare da giyar da ke cikin kan, waɗanda zan bayyana a gaba, ka juya da hannu, huji huɗu-huɗu.

Ga wuƙar milin ta ƙarfen HSS mai kaurin milimita 10 a kan baƙin ƙarfe mai taushi, juyi 900 a minti ya yi. Ka sa mai. Fegi aikinsa nuna wuri ne, ba ɗaukar nauyin yanka ba, don haka bayan ya shiga ka ɗaure makullin sandar kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe. In da hali ka tafiyar da yankan ta tsawon sanda zuwa wajen na'urar, ƙarfin ya tura aikin cikin kolet. Yankan da ya ratsa ta gefe yana neman murɗa aikin ne, kuma makullin ƙaramin majuyi ba shi da ƙarfin kirki.

Lissafin arba'in

A cikin kan rabo akwai gajeriyar sanda mai zare irin na noti, tana cizon wata giya mai haƙori 40. Kowane juyi na hannu yana tura haƙori ɗaya, saboda haka juyi 40 ne kewaye guda, juyi ɗaya kuma digiri 9. Lissafin duka ɗaya ne: ka raba 40 da yawan rabon da kake so. Rabo 8, juyi 5. Rabo 20, juyi 2. Rabo 10, juyi 4.

Inda bai rabu cif ba, a nan faifan hujoji ke shigowa, wanda fegin da ke jikin hannun yake faɗawa cikin hujojinsa. A tsarin Brown & Sharpe faifai uku ne, kowanne da layukan hujoji shida a kewaye. Na farko yana da 15, 16, 17, 18, 19 da 20. Na biyu 21, 23, 27, 29, 31 da 33. Na uku 37, 39, 41, 43, 47 da 49. Ɗauki giyata mai haƙori 35. Arba'in a raba da 35 ya ba da juyi ɗaya da 5 bisa 35, wanda in an rage shi ya zama 1 bisa 7. Sai ka nemi layin da bakwai ke raba shi: akwai 21, akwai 49. A layin 21 kashi ɗaya cikin bakwai huji 3 ne, a layin 49 huji 7. Ko wanne ka ɗauka daidai ne. Don haka kowane haƙori: cikakken juyi ɗaya, da ƙarin huji 3 a layin 21. Rabo shida kuwa juyi 6 ne da biyu bisa uku, wato huji 12 a layin 18.

A fuskar faifan akwai wasu hannaye biyu na tagulla kamar almakashi, waɗanda ake buɗa su a ɗaure don kada ka riƙa ƙirga huji kowane lokaci. A nan sabon hannu ya fi faɗuwa. Hujin da fegi ke ciki ba a ƙirga shi. Shi sifiri ne. Ka jingina hannun almakashi na baya da fegi, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku daga huji na gaba, ka kawo ɗaya hannun bayan na ukun, ka ɗaure. In ka duba za ka ga huji huɗu tsakanin hannayen, na fegi da uku. Wanda ya ƙirga har da na fegi zai riƙa tafiya huji biyu a maimakon uku, kuma a giya mai haƙori 35 zai ƙare kewayensa da giɓin digiri 15.

Tsarin motsin hannu kuma ya zama ɗaya kullum, har jiki ya haddace shi. Janye wuƙa ta fita sarai. Kwance makulli. Zare fegi, juya cikakken juyi, wuce zuwa hannun almakashi na gaba, saki fegi. Nan take, kafin komai, tura almakashi ya biyo fegi. Ɗaure makulli. Yanka. Tura almakashin nan shi na bari sai na dawo daga masallaci, da na dawo kuma na ga fegi a jikin hannun gaba, na yi juyi ɗaya na mayar da shi inda yake. Tun daga ranar, in za a tashe ni daga aiki, ko kiran salla ne ko sallamar baƙo, sai na kammala juyi, na tura almakashi, na rubuta lambar haƙorin a takarda, sannan in ɗaga ƙafa. In wuta aka ɗauke ana tsakiyar yanka, abu na farko shi ne kashe makunnin injin da janye wuƙa, kada wuta ta dawo injin ya tashi da haƙoransa a cikin ƙarfe.

Sai maganar lako-lako. Tsakanin zaren nan da giyar ciki dole akwai ɗan wasa, in babu ba za su juya ba. Muddin kana juyawa gefe ɗaya, wasan yana bayanka, ba ruwansa da kai. Ranar da ka zarce huji ka ɗan dawo baya don fegi ya shiga, hannu ya dawo amma aikin bai dawo ba. In ka zarce, ka koma baya sosai, kamar rabin juyi, ka sake tahowa ta hanyar da ka saba. Ni idan na kusa hujin nakan sauke fegi ya hau fuskar faifai, in riƙa ɗan bubbuga hannun da yatsa har in ji ya faɗa da kansa, ƙwas. Wannan doka ta gefe ɗaya ta hau kan tebur mai juyawa ma.

Tun da na ambaci teburin: in kana aiki da digiri ba da faifai ba, kada ka riƙa tara adadin da ka yanke wa wutsiya. Huji bakwai a da'ira digiri 51.43 ne kusan, ba cif ba. Ka zauna da kalkuleta ka fitar da kowane matsayi daga sifiri: 51.43, 102.86, 154.29, 205.71, 257.14, 308.57. Ka rubuta su a jere, kana soke kowanne bayan ka huda.

Faifan nan uku suna ba da kowane rabo daga 2 har 50, da wasu masu yawa a sama, amma ba duka ba. Ba su da 51, ba su da 53, ba su kuma da 127, wadda masu injin juya ƙarfe ke nema don yanka zaren milimita a injin inci, tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne, ninki biyar ɗinsa kuma 127. Manyan kawuna suna warware wannan da ƙarin giyoyi masu juya faifan kansa. Mai ƙaramin kai yana da wata mafita da nake ƙauna ƙwarai: ya ƙera faifansa. Ka zana da'ira mai ɗigo 127 a kwamfuta, ka buga a takarda, ka manna a faifan alminiyam, ka huda da kulawa. Hujojin ba za su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, amma giyar ciki tana rage kuskuren faifai sau arba'in kafin ya isa ga aiki. In ka kauce da rabin digiri a faifai, abin da zai kai ga giyarka bai kai minti ɗaya na digiri ba. Huji 40 kowane haƙori, ba cikakken juyi, shi ke nan. In kana son ƙarin inganci, ka yi amfani da faifan farko ka huda na biyu.

Yanka giyar

Kafin ka sayi wuƙa ka san irin haƙorin. A tsarin milimita girman haƙori ana kiransa modul, kuma gano shi ba wuya: ka auna faɗin tsohuwar giyar daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori, ka raba da yawan haƙora da ƙarin biyu. Tawa 37 ce, haƙora 35 da biyu 37, modul 1 ke nan. In lissafin ya ƙi faɗowa kan adadi mai kyau, wataƙila giyar ta tsarin inci ce, irin ta tsofaffin injunan Ingila da Amurka, kuma wuƙaƙenta daban ne. Akwai kuma kusurwar haƙori, digiri 20 a yawancin na zamani, 14.5 a tsofaffi da yawa, kuma ba sa tafiya da juna.

Kowane modul wuƙa takwas gare shi, saboda siffar haƙori tana canzawa da yawan haƙora: 12 zuwa 13, 14 zuwa 16, 17 zuwa 20, 21 zuwa 25, 26 zuwa 34, 35 zuwa 54, 55 zuwa 134, sai 135 zuwa sama. Kada ka dogara da lambar wuƙa, don wasu masu ƙerawa daga sama suke ƙirgowa, wasu daga ƙasa. Ka karanta adadin haƙoran da aka buga a jikinta.

Ka fara huda tsakiyar faifan tagullar, ka ɗaure shi a kan sanda mai kafaɗa da noti, ka fere bakinsa zuwa 37 yana kan wannan sandar, sannan ka ɗauke su tare zuwa kan rabo ba tare da ka kwance ba. Ta haka huji da baki suke zama 'yan tsakiya ɗaya. In ka sa wani faifan alminiyam na banza a bayansa, tagullar ba za ta yi gemu a inda wuƙa ke fita ba.

Dole tsakiyar wuƙa ta yi daidai da tsakiyar aiki, in ba haka ba haƙora su fito a kishingiɗe, duk sun karkata gefe guda. A injin milin na tsaye wuƙar tana kwance ne, tana cin aikin ta gefe. Ka sauko da ita, injin a kashe, har ƙasanta ya kama 'yar siririyar takarda a saman aikin, ka janye gefe, ka sauke ta rabin faɗin aiki da rabin kaurin wuƙa. Ga faifai 37 da wuƙa mai kaurin 4, milimita 20.5 ke nan. Ka gwada da tsohuwar dabara: ka matse siririyar rula ta ƙarfe a hankali tsakanin bakin wuƙa da gefen aikin. In ta tsaya kyam, kana tsakiya. In samanta ya kwanto wajen aikin ka yi sama da yawa, in ya kwanto wajen wuƙa ka yi ƙasa. Ka kulle wannan tsayin.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, wanda da na san shi da giyata ta farko ta rayu. Ka baƙanta bakin faifan duka da maka. Ka matso da wuƙa har ta karci tawada kawai, ka sa sifiri. Sannan ka kewaye da'irar gaba ɗaya kana rabo kamar da gaske, amma karce kaɗai kake yi, siririn layi mai haske a kan baƙi. Bayan rabo na 35 wuƙa ta faɗa kan layin farko daidai, kamar ba ta taɓa barinsa ba. Ka ƙirga layukan da tsinken ashana. In layin hujoji ka ɗauka ba daidai ba, ko almakashi ya buɗe fiye da kima, ko kan naka ba mai 40 ba ne, duk za su bayyana a nan, kuma abin da ka yi asara tawada ce da minti goma sha biyar. Layukan kuma za su zame maka 'yan rakiya a yankan gaske: kafin kowane yanka ka leƙa, in wuƙa ba ta fuskanci layi ba, ka tsaya ka nemi dalili.

Zurfin haƙori ninki 2.25 ne na modul, wato milimita 2.25 a nan, sai dai in an buga wani adadi a jikin wuƙar, to shi za ka bi. Wuƙar giya tana da faɗi, don haka a hankali take so: mai faɗin milimita 50 a kan baƙin ƙarfe kada ta wuce juyi 160 a minti, da mai. Tagulla tana ɗaukar ninkin haka, kuma a bushe ake yanka ta. A ƙaramin inji nakan kewaya sau biyu, na farko a zurfin 1.5, na biyu a cikakken zurfi. Ka tura aikin yana tunkarar haƙoran wuƙa, ba yana bin bayansu ba, domin teburin ƙaramin inji yana da nasa lako-lakon, kuma wuƙa tana iya fizgar aikin ta haye shi. Ka tsara yadda ƙarfin yanka zai tura faifan kan kafaɗar sanda, ba kan noti ba. Ka kulle duk hanyar teburin da ba ta tafiya.

Tagulla tana feso ƙananan allurai, don haka tabarau dole ne. Ba a tsayawa gaban wannan wuƙa da babbar riga ko hannun kaftani a sake, ba a sa safar hannu, ba a kuma share ɓarɓashi da yatsa ko tsumma tana juyawa. Buroshin fenti ya isa, bayan ta tsaya.

In ka yanka na ƙarshe kada ka yi saurin kwancewa. Giyar tana nan a ɗaure, ka ɗauko wadda za ta yi tafiya da ita ka gara ta a kanta da hannu. In haƙoran ba su shiga har ƙasa ba, ka ƙara zurfi 0.05 ka sake kewayawa, abin da ba zai yiwu ba in ka riga ka cire ta. Da ta zauna, ka kwance, ka bi bakunan haƙoran da ƙaramin magagari mai laushi, ka wanke da kananzir. Wajen ɗaura ta a inji ka cusa guntun takardar rubutu tsakanin haƙoranta da na maƙwabciyarta, ka matsa su, ka ɗaure, ka juya takardar ta fita. Ɗan sararin da takardar ta bari shi ne wurin mai.